A Jinjina wa Gwanin da Ya Hana Rumbu Barci

Cikin masu rubuta manhaja akwai wani gwani da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, kuma lokaci ya yi da za a miƙe tsaye a yaba masa. Shi ne mutumin da aka ce wa, "Muna son wani abu da zai riƙa duba sababbin odoji kowace daƙiƙa, ya tura wa masu saye saƙo, ya sabunta lissafi," sai ya dubi kwamfutocin kamfanin kaf, ya tsallake duk waɗanda ke zaman kashe wando, ya nufi guda ɗaya tak wadda in ta tsaya kowa ya tsaya, wato mai ɗauke da rumbun bayanai, ya ce a nan aikin zai tare. Ya rubuta layi bakwai ko takwas: duba jadawali, in akwai aiki ka yi, yi barcin daƙiƙa ɗaya, koma farko. Bai sa masa ƙofar fita ba. Ya danna, ya tashi ya tafi cin abinci. Irin wannan ƙarfin hali ba kowa Allah yake ba wa ba.

Wanda ya assasa fannin ma bai kai shi hangen nesa ba. A 1970 Edgar Codd, wani ɗan Ingila da ke aiki da IBM a San Jose ta Kalifoniya, ya fitar da maƙalar da ta haifi rumbun bayanai mai jadawalai masu alaƙa da juna. Burin wannan bawan Allah ɗan ƙarami ne: a zuba bayanai layi-layi, mai tambaya ya faɗi abin da yake so, rumbu ya nemo masa, a rabu lafiya. Ko a mafarki bai hango ranar da rumbun zai riƙa aika imel, yana haɗa rasit, yana tashin kansa daga barci sau 86,400 a yini don ya tambayi kansa ko akwai labari ba. Ba laifinsa ba ne, zamani ne ya wuce shi.

Kada wani ya ɗauka rashin sani ne ya kai gwaninmu can. Ya san cron, agogon da ke tayar da ayyuka a Unix tun shekarun 1970. Ya san systemd, wanda tun 2010 yake tsaron shirye-shirye a Linux, in ɗaya ya mutu ya tashe shi idan an umarce shi, ya kuma rubuta abin da ya faɗa kafin ya cika. Ya ji labarin RabbitMQ da Kafka, masu jera saƙonni tsakanin shirye-shirye. Duk ya gan su ya kau da kai, saboda suna da wani mugun hali guda: sai an nemi izini. Sai an roƙi na'ura, sai wani abokin aiki ya karanta abin da ka rubuta ya yi maka gyara, sai an rubuta sunan wanda za a tasa da tsakar dare in abu ya lalace. Ɗan zagayen nan da ya rubuta a cikin rumbu bai san wannan wulaƙanci ba. Mai kalmar sirri shi ne sarki. In an tambaye shi a taro sai ya ce, "Ai bayanan a can suke, me zai sa mu fito da su waje?" Kowa ya gyaɗa kai, don maganar tana da daɗin ji, kuma ana so a tashi.

Masu ƙera rumbunan ba su bar shi cikin maraici ba. Kamfanin Oracle ya ba shi DBMS_SCHEDULER a sigar 10g, ga UTL_HTTP da UTL_SMTP don ya leƙa intanet ya aika wasiƙa ba tare da ya taka ƙofar gida ba. Microsoft ya ba shi SQL Server Agent da umarnin WAITFOR na gyangyaɗi tsakanin zagaye da zagaye. MySQL ya kawo mai tsara lokutansa a sigar 5.1. PostgreSQL ya yi ta jan ƙafa har 2013, sannan a sigar 9.3 ya buɗe ƙofar ma'aikatan bayan fage, a 2016 kuma kamfanin Citus Data ya fitar da pg_cron. Masu ƙananan zukata suna amfani da waɗannan kaya yadda aka nufa: ƙarfe biyun dare a share tsofaffin layuka, a sabunta wani taƙaitaccen lissafi, minti uku an gama an koma barci. Wannan ai kowa ma zai iya. Jarumta tana ga wanda ya fara aikin da ba shi da ranar gamawa.

Don a gane girman abin da ya yi, sai an san yadda PostgreSQL yake riƙon amana. Duk aikin da za a yi a cikinsa ana ƙulla shi ne cikin mu'amala guda: a buɗe, a yi abin da za a yi, a buga tambarin tabbatarwa, a rufe. Ko duka ya tabbata ko duka ya warware; ba a cire kuɗi daga asusun wane a manta ba a zuba a na wane ba. Kuma in ka gyara layi, ba ya goge tsohon ya rubuta sabo a kansa. Sabon kwafi yake rubutawa a gefe, ya bar tsohon a wurinsa, saboda wataƙila akwai wanda ya buɗe tasa mu'amalar tun kafin gyaran, kuma haƙƙinsa ne ya ci gaba da ganin duniya yadda ya same ta har ya gama. Wannan dabara ce ta sa mai karatu ba ya tare mai rubutu, mai rubutu ba ya tare mai karatu. Abin da ake biya a kanta shi ne matattun layuka da ke taruwa. Shi ya sa rumbun yake da nasa ma'aikacin bayan fage na halal, mai suna autovacuum, wanda ya zama ɗan gida tun sigar 8.1 a 2005. Aikinsa shara. Doka ɗaya aka gindaya masa: kada ya taɓa mataccen layin da wata buɗaɗɗiyar mu'amala za ta iya buƙatar gani.

To a nan gwaninmu ya nuna shi ba kanwar lasa ba ne. Fankishin a PostgreSQL, wato irin rubutun da ɗan zagayen yake ciki, kome tsawonsa, cikin mu'amala ɗaya yake gudana. Ɗan zagayen da aka tayar ranar Litinin yana cikin mu'amalar Litinin har yau, ko da yau ɗin bayan salla ce. Kamar baƙo ne da ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ce kada tsintsiya ta taɓa ƙasa sai ya tashi, alhali ya riga ya rantse ba zai tashi ba. Mai shara yana zuwa a kan lokaci, ya zagaya, ya ƙirga dattin, ya rubuta cewa ga matattun layuka kaza amma ba halin kwashe su tukuna, ya koma. Kuma ba jadawalin ɗan zagaye kaɗai ba, kowane jadawali da ke cikin wannan rumbu: na masu saye, na kaya, na albashi. Mutum ɗaya, da layi takwas, ya sama wa ma'aikacin da ya fi kowa wahala a gidan hutun da babu ranar dawowa. Ina ƙungiyar ƙwadagon da ta taɓa samo wa 'ya'yanta irin wannan?

Sai albarka ta fara sauka. Jadawalin jerin ayyuka ba shi da sana'a sai a zuba, a gyara, a goge, kuma kowane gyara da kowace gogewa gawa suke bari. Wanda rayayyun layukansa ba su taka kara sun karya ba sai ya kumbura ya cika faifai. Tambayar da a da take dawowa kafin ƙiftawar ido, yanzu sai ta tsallake gawarwaki dubbai kafin ta iske mai rai guda. Shugabannin kamfani su ga rumbu yana ta girma, su ce kasuwa ta buɗe, a sayo ƙarin faifai. A 2015 Brandur Leach, injiniya a kamfanin Heroku a lokacin, ya bayyana yadda hakan ta riƙa faruwa da su. Jerin ayyukansu yana cikin jadawalin PostgreSQL, ma'aikatan da ke ɗiban ayyukan suna waje, amma da zarar wata mu'amala ta daɗe a buɗe a wani lungu, sai ɗaukar aiki guda ya yi ta ƙara nauyi, layi ya yi ta tsawo har ya gagari ma'aikatan. Su tsautsayi ne yake afka musu jefi-jefi, suna kuma neman magani. Gwaninmu ya ɗauki tsautsayin ya mai da shi tsarin aiki.

Inda na fi ganin tsarkin zuciyar ɗan zagaye shi ne wannan. Tunda mu'amalarsa ba ta taɓa kaiwa ga tambari, duk abin da ya rubuta ba mai gani. Yana aiki dare da rana, yana sabunta lissafi, yana yi wa odoji alamar an gama, amma a idon sauran jama'a bai taɓa komai ba. Aiki ba riya ke nan. Ranar da aka kashe shi ko aka ɗauke wuta, rumbun zai warware duk abin da ya yi tun daga ranar farko. Abin da ba ya warwaruwa shi ne saƙonnin da suka riga suka fita, domin imel ba ya dawowa. In aka sake tayar da shi zai tarar da odojin nan duka babu alamar an gama, ya sake tura wa kowa nasa. Mai sayen da ya sami rasit ɗaya sau biyu ai ba zai ce an yi masa rowa ba.

Da gwanin ya lura, bai karaya ya fitar da aikin waje ba. Ya ɗauko dblink, abin da aka yi don rumbu ya yi magana da wani rumbu, ya sa rumbun ya kira kansa da kansa, ya shigo ta ƙofar baya, ya rubuta, ya buga tambari, ya fita. Yanzu ana ganin aikin. Uwar mu'amalar kuwa tana nan a buɗe yadda take.

Sai maganar kulle. Duk jadawalin da ɗan zagaye ya taɓa, ko karantawa kawai ya yi, yana riƙe da wani ɗan ƙaramin kulle a kansa har mu'amala ta ƙare. Kullen ba ya hana kowa karatu ko rubutu, shi ya sa ba a jin ɗuriyarsa. Sai ranar da wata baiwar Allah a ofis ta zo ƙara gurbi guda a jadawalin odoji. Umarninta yana buƙatar jadawalin ya zama nata ita kaɗai, ko da na rabin daƙiƙa ne, saboda haka ya tsaya jiran ɗan zagaye ya saki. PostgreSQL kuma mai adalci ne, ba ya bari a tsallake layi: duk wanda ya zo daga baya, ko farashin sabulu ya zo tambaya, sai ya tsaya a bayanta. Ƙofofin shiga rumbun 100 ne in ba a ƙara ba. Kafin a ankara sun cika da masu jira, shafin kamfani ya daina buɗewa, kuma sunan da kowa zai gani a kan umarnin da ya tare hanya nata ne. Ita za a kira ofishin manaja. Gwanin yana gefe yana ba da shawarar a riƙa gwada abu kafin a sake shi.

In aka yi haƙuri aka bar shi, yana da inda zai kai mutane. PostgreSQL yana ba kowace mu'amala mai rubutu lamba, lambar kuma tana da iyaka: tazarar da ke tsakanin mafi tsufa da mafi sabunta ba za ta wuce kusan biliyan 2.1 ba. Mai sharan nan shi ne kuma yake bi yana daskarar da tsofaffin layuka don a samu damar sake amfani da lambobin, kuma ba zai iya daskarar da abin da ya zo bayan buɗaɗɗiyar mu'amala ba. Kamfanin da ke yin mu'amala 1,000 a daƙiƙa zai cinye tazarar cikin kwana 25. A sigogin yanzu, in saura miliyan 40 rumbun zai fara kuka a rajistarsa, wadda ba mai karantawa. In saura miliyan 3 sai ya daina karɓar rubutu baki ɗaya, don kada bayanai su salwanta. Kamfanin Sentry ya ɗanɗana wannan a Yulin 2015, ya shafe mafi yawan wunin aiki a rufe. Mandrill, sashen aika imel na Mailchimp, ya ɗanɗana a Fabrairun 2019, ya fi yini guda yana fama, sai da ya zubar da abin da ke cikin wasu manyan jadawalai kafin ya miƙe. A faɗi gaskiya, su ba ɗan zagaye ne ya kai su ba, yawan rubutu ne ya fi ƙarfin mai shara. Sai da suka yi gumi, suka tara masu hulɗa, suka yi shekaru, kafin su isa bakin ramin. Gwaninmu ya gano gajeriyar hanya, ya kuma buɗe ta ga talaka.

Na san masu ilimi za su ce tun sigar 11, ta 2018, akwai furosija, 'yar'uwar fankishin, da ke iya buga tambari a tsakiyar zagaye, don haka maganar shara ta kau. Haka ne, ga wanda ya tuna ya sa tambarin. Amma kada a ji tsoro, sauran falalolin suna nan daram. Har yanzu wani ne zai kira furosijar, kuma sau da yawa wata taga ce a kwamfutar gwanin. In layin ya yanke, rumbun, yadda ya zo daga masu shi, ba ya leƙawa ya ga ko mai kiran yana nan sai ya tashi ba shi amsa. Ɗan zagaye kuwa ba shi da amsar bayarwa, sai ya ci gaba da gudu ba uwa ba uba. Gwanin ya dawo da safe ya ga tagarsa ta mutu, ya tayar da wani. Sun zama biyu, suna rige-rigen aiki ɗaya. Ranar da aka kashe sabar aka sake kunnawa kuma duka biyun su tafi, ba mai tashinsu, ba mai sani, sai wani mai saye ya kira yana cigiyar rasit ɗinsa. A MySQL ma ba sai ka wahala ba: in aikin da aka tsara wa kowane minti bai gama ba kafin minti na gaba, sabo zai tashi a gefensa, littafin jagorarsu da kansa ya faɗa. Sa zagaye mara ƙarshe a ciki, ka samu ma'aikata 60 a awa, babu ko sisin albashi.

Wanda ilimi ya ratsa kuwa ba ya tsayawa a nan. Yana rubuta ma'aikacin bayan fage na gaske da harshen C, ya dasa shi cikin jikin rumbun, suna cin ƙwaƙwalwa ɗaya. Masu PostgreSQL sun yi gargaɗi ƙarara cewa irin wannan ma'aikaci hannunsa yana kaiwa ko'ina, kuma haɗari ne ga lafiyar rumbu da tsaronsa. In ya yi tuntuɓe ya faɗi, uban gidan, wato shirin da ke kula da sauran, ba zai iya tabbatar da cewa bai ɓata ƙwaƙwalwar da kowa ke amfani da ita ba, sai ya kori kowa. Mai biyan kuɗi da mai duba lissafi duk a yanke musu layi, rumbu ya sake tashi ya bi rajistarsa yana gyara. Shirin da ke waje in ya faɗi shi kaɗai yake faɗuwa, abin tausayi, ba mai taya shi. A zamanin da ake kukan zumunci ya yi ƙaranci, na ciki abin koyi ne.

Kuɗi fa? Sabobin da ke ɗauke da manhajar kamfani ana iya jera goma, a ƙara biyar ranar da kasuwa ta cika, in ɗaya ta mutu ba mai zaman makoki. Rumbun da ake rubutu a cikinsa kuwa, a yawancin kamfanoni, guda ɗaya ne, hanyar ƙara masa ƙarfi ita ce a sayi wanda ya fi shi. A wajen Oracle, farashin da aka buga na lasisin babbar sigarsa dala 47,500 ne kan kowace furosesa, ƙwaya biyu na Intel ke cinye lasisi guda, sannan kashi 22 cikin ɗari duk shekara kuɗin kulawa. A kan wannan ƙarfe mai daraja gwaninmu yake haɗa takardun PDF, yana jiran wata saba a wata nahiya ta amsa sallama. Wanda ya kira wannan almubazzaranci bai san mutuncin aiki ba.

Baƙi ma suna yabawa. Ƙofar da ke ba rumbu damar tayar da shirye-shirye a kan na'urar da yake zaune ba ta tambayar wanda ya shigo ko ɗan gida ne. Microsoft ya rufe tasa, xp_cmdshell, tun 2005, gwanaye suna bi suna buɗewa saboda ayyukansu na dare. A PostgreSQL umarnin COPY ya sami ikon kiran shiri a sigar 9.3. A ƙarshen 2020 masu bincike na Unit 42 a kamfanin Palo Alto Networks suka ba da labarin PGMiner, wata muguwar manhaja da ke yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri a rumbunan PostgreSQL, in ta dace ta bi ta wannan ƙofa ta dasa injin haƙar kuɗin Monero. Su ma dai aikin bayan fage suke so, mai gudana dare da rana, a kan na'ura mai ƙarfi, inda ba mai dubawa. Ra'ayinsu ya zo ɗaya da na gwaninmu, sai dai su sun san abin da suke samu. A gidan da aka saba ganin rumbu yana gumi ba dalili, wa zai lura an ƙara mutum ɗaya?

Duk waɗannan ƙananan falaloli ne. Babbar ita ce sirri. Rubutun manhajar kamfani yana cikin Git, kowa na iya ganin wanda ya canza abu, da ranar, da dalilin. Ɗan zagaye ba ya can. An rubuta shi kai tsaye a cikin rumbu wata yammar Alhamis, an yi ta gyara shi a wurin, kwafinsa ɗaya ne a duniya. Ba a gwada shi ba, don ta yaya za a jira sakamakon abin da ba ya ƙarewa? A SQL Server ayyukan Agent suna zaune a wani rumbu na daban mai suna msdb, saboda haka wanda ya yi ajiyar ko-ta-kwana ta rumbun kamfani kaɗai, ranar da ya mayar da ita a sabuwar na'ura zai samu bayanansa cif, ayyukan kuwa ko ƙurarsu. A MySQL ayyukan da aka kwafa zuwa rumbu mai jiran gado a kashe suke isa, sai an bi an kunna su da hannu ranar da ya hau. Shi kuma pg_cron agogonsa na GMT ne in ba a canza ba. Injiniyan Kumasi ba ruwansa, amma na Kano ko Damagaram da ya sa aikin rufe lissafin yini sha ɗaya da rabi na dare, sai sha biyu da rabi zai tashi, bayan kwanan wata ya juya.

Wannan ilimi duka yana cikin kan mutum ɗaya. Shi ya sa ba a korar gwaninmu, ba a ba shi dogon hutu, in kuma ya sami wani aiki ya tafi, sunansa ba ya barin bakin mutane. Wanda ya gaje shi zai buɗe jerin abubuwan da ke gudana ya ga wani abu da ya fara tun kafin a ɗauke shi aiki, ya tambayi na kusa da shi, a ce masa, "Kai dai kada ka taɓa. Wancan da ya taɓa, albashi bai fita ba." Daga nan ɗan zagaye ya tashi daga manhaja ya zama al'ada. Mutum nawa ne a wannan sana'a suka bar abin da ake tsoro bayan tafiyarsu?

Akwai masu hassada, dole a faɗi tasu. Suna cewa ba laifi a ajiye jerin ayyuka a jadawali, rumbu ya iya wannan sarai. Tun sigar 9.5, a 2016, PostgreSQL yana da SKIP LOCKED, wanda ke barin ma'aikata da yawa su ɗebi ayyuka daga jadawali ɗaya ba tare da sun yi karo ba, ga kuma LISTEN da NOTIFY don a taɓa ma'aikaci in aiki ya zo maimakon ya yi ta leƙe. Abin da suke ƙi shi ne ma'aikacin kansa ya tare a ciki. Wai ya zauna a waje, ƙaramin shiri mai suna, mai uban gida, ya shigo ya ɗauki aiki cikin mu'amalar da ba ta kai daƙiƙa ba, ya fita ya yi jiran intanet ɗinsa a can, ya dawo ya ce ya gama. In ya mutu a tashe shi, in aiki ya yi yawa a ƙaro irinsa uku, in ya yi shiru ƙararrawa ta buga. Haka manhajar jerin ayyuka Solid Queue ta Rails take, haka River, wanda shi Brandur ɗin nan ya sa hannu wajen ginawa bayan wasu shekaru. Na saurare su da kyau, ban ga abin burgewa ba. Tsarin da sabon ma'aikaci zai gane a yini ɗaya, wanda in ya lalace kowa ya san inda zai duba, ina sunan da mutum zai yi a ciki? Ba wanda aka taɓa yi wa tafi don rumbu ya kwana lafiya. Tafi na wanda aka taso ƙarfe ukun dare ya ceto kamfani ne, kuma ba a cika tambayar wanda ya jefa shi ba.

Ina roƙon duk mai kula da rumbu da ke karanta wannan, don girman Allah, ya rufa wa gwanin asiri. A PostgreSQL akwai wani jadawali mai suna pg_stat_activity, a cikinsa akwai gurbin xact_start da ke nuna lokacin da kowace mu'amala ta buɗe. Kada ka jera shi daga mafi tsufa, domin abin da zai fito a sama zai hana ka zuwa gida da wuri. Akwai kuma wasu saituna uku da ke yanke abin da ya wuce wa'adi: statement_timeout, da idle_in_transaction_session_timeout da ya zo a sigar 9.6, da transaction_timeout da ya zo a sigar 17 a 2024. Dukkansu a kashe suke zuwa. Ka bar su yadda ka same su.